Wa Za A Yi Wa Sammaci Idan Na'ura Ta Yi Zalunci?

Ranar 15 ga Janairun 2021 gwamnatin ƙasar Holand ta ajiye mulki gaba ɗayanta, firaminista Mark Rutte da ministocinsa duka. Hukumar harajin ƙasar ce ta yi shekaru tana tuhumar iyaye da damfara a kan tallafin renon yara, tana tilasta musu su amayar da duk abin da suka taɓa karɓa, dubban Yuro da ba su da hanyar samu. Iyalai wajen dubu 26 aka yi wa haka, akasarinsu ba su ci haƙƙin kowa ba. Wasu bashi ya raba su da gidajensu, wasu aurensu ya mutu. Da aka tono maganar sai aka tarar da wata manhaja a tsakiyarta, wadda aikinta shi ne ta duba fayiloli ta nuna wanda ya kamata a zarga. Daga tsofaffin fayiloli take koyo, kuma cikin abubuwan da take ɗauka alamar rashin gaskiya har da kasancewar mutum ɗan wata ƙasa ne. Baƙi da 'ya'yan baƙi su suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya mini a rai. Masu gabatar da ƙara na gwamnati suka ce babu wanda za su gurfanar. Hukumar kare bayanan jama'a ta ci tarar hukumar haraji Yuro miliyan 2.75, wato gwamnati ce ta biya gwamnati. Wata biyu da murabus ɗin, jam'iyyar Rutte ta sake lashe zaɓe, ya ci gaba da mulki har 2024, daga nan ya zarce ya zama babban sakataren ƙungiyar tsaro ta NATO. An yi zalunci, kowa ya yarda an yi, an nemi afuwa, an fara biyan diyya. Azzalumin ne kawai ba a gani ba.

Ni magatakardan kotun shari'a ne, a nan na yi aiki har na yi ritaya. Duk wanda ya shigo da kuka, kafin alƙali ya ji ta bakinsa ni zai fara samu, kuma tambayata ta farko ba ta canzawa: wa kake ƙara? Sammaci ba ya fita sai da suna, da unguwa, da mai unguwar da zai nuna gida. Mutum zai zo da rotse a ka da shaidu a bayansa, in bai iya faɗin wanda ya yi masa ba, iyakar abin da zan yi masa in ce Allah ya isar masa. Shi ya sa in na ji ana musun ko ƙirƙirarriyar basira za ta fi ɗan Adam wayo, ko za ta ƙwace aikin likita da lauya, hankalina ba ya can. Tambayata ta magatakarda ce, kuma a ganina ta addini ce tun kafin ta zama ta fasaha: idan na'ura ta yanke wa bawan Allah hukunci, hukuncin ya zama zalunci, a wuyan wa yake, nan duniya da gobe ƙiyama?

Rabin amsar mai sauƙi ne, ko ɗalibin zaure da ya fara Ahalari da Ishmawi ya san shi. Shari'a da mukallafi take magana: mai hankali, baligi, wanda kira ya iske. Shi ake ba lada, shi ake rubuta wa zunubi, domin shi ke da niyya, shi ke iya fasawa. Manhaja ba ta da ko ɗaya daga ciki. An ba ta tarin misalai an ce ta nemo abin da ya yi kama da su, ta nemo. Manhajar Holand ba ta san ƙiyayya ba. Ta ga irin mutanen da ma'aikatan da suka gabace ta suka saba zargi, ta ɗora daga inda suka tsaya, da saurin da su ba su taɓa yi ba. Ba za ta yi nadama ba, ba za ta tuba ba.

Akwai masu son a ba na'ura matsayin mutum a doka. A 2017 majalisar Tarayyar Turai ta ba da shawarar a duba yiwuwar haka ga mutum-mutumi masu sarrafa kansu, masana suka yi caa, maganar ta lafa. A shekarar ce kuma Saudiyya ta sanar da ba wata mutum-mutumi mai suna Sophia shaidar zama 'yar ƙasa, abin da Hausawa da yawa haifaffun Makka da Jidda, waɗanda kakanninsu suka je can a ƙasa, ba su samu ba har yau. Wasan kwaikwayo ne, amma mai hatsari. Ranar da aka ce na'ura mutum ce, ranar an samar wa masu ita wanda za su riƙa miƙa wa sammaci, wanda ba ya ɗauruwa, ba ya jin kunya, ba ya tsoron wuta.

To in ba ita ba, wa? Nan ne nake ganin malamanmu na fiƙihu sun riga sun share mana hanya, ko da yake ba su taɓa ganin kwamfuta ba. Sun daɗe da sanin abin da ke motsi da kansa, yana ɓarna, alhali ba mukallafi ba ne, wato dabba. Duk kaka, daga sanda gero ya fara nuna har a gama ɗaure dawa, ƙararrakin ɓarnar shanu su ke cika mana kotu. Hukuncin da ke cikin Risalar Ibn Abi Zaid, wanda asalinsa ke cikin Muwaɗɗa a ƙissar raƙumar Barra'u ɗan Azib, shi ne ɓarnar dare masu dabbobi ke biya, domin dare lokacin ɗaure su ne. Da rana kuwa mai gona ya tsare gonarsa. Malaman baya suka ƙara fayyacewa: sassaucin rana na wanda ya saki dabbobinsa nesa da gonaki ne, in kuwa akwai makiyayi tare da su ya yi sakaci, lamuni ya hau kansa. Haka wanda ke bisa dabba, da mai jan ta, da mai kora ta, duk suna lamunce abin da ta taka.

Ban taɓa ganin alƙali ya tambayi makiyayi dalilin da ya sa saniyarsa ta karkata hagu ta bar dama ba. Makiyayi zai rantse: "Allah ya gafarta malam, wallahi ban tura su ba, barci ne ya sace ni." Alƙali ya ce ya yarda, sannan ya tura dagaci da arɗo da dattawa su je su ƙiyasta ɓarna, a biya. Rashin niyya yana sauke zunubin ganganci, biya kuwa yana nan daram. Na kawo wannan ne saboda babbar hujjar kamfanonin fasaha ita ce su kansu ba su san takamaimai yadda manhajar ta kai ga hukuncinta ba: lissafin ya yi yawa, da kanta ta koya, ko injiniyan da ya gina ta ba zai iya bin sawunta taki-taki ba. Gaskiya suke faɗa. Amma a wurin mai fiƙihu wannan hujja a kansu take, ba a gare su ba. Wanda ya san bai san inda abinsa zai nufa ba, ya kuma sake shi cikin dare a tsakiyar gonakin mutane, ya ɗauki lamuni tun sanda ya kwance igiya.

Mu duba manhajar da ke aljihun kowannenmu. In ka buɗe Facebook ko TikTok, manhaja ce ke auna dubban rubuce-rubuce da bidiyoyi, ta ba kowanne maki, ta ɗora maka mai maki da yawa a sama. Makin kuwa mutane ne suka zauna a ofis suka tsara. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin nan na fuska, har da ta fushi, maki biyar, alhali ɗaga babban yatsa maki ɗaya ne. Ma'aikatansa da kansu suka gano cewa rubutun da ke tara fuskar fushi ya fi zama ƙarya ko cin zarafi. Aka yi ta rage makin fushin sannu-sannu, sai a 2020 ya koma sifili. Babu wanda ya ce wa manhajar ta haddasa fitina. An dai ce mata ta riƙe idon mutane a kan waya, domin a nan kuɗin talla yake, ita kuwa ta gano cewa fushi da tsoro sun fi komai riƙe ido.

A Myanmar an yi shekaru ana yaɗa ƙiyayyar Musulmin Rohingya a shafin Facebook, masu fafutuka a ƙasar suna ta gargaɗin kamfanin. A Agustan 2017 soja suka far musu, sama da mutum dubu 700 suka tsere Bangladesh. Sai a Nuwamban 2018 kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba don hana a yi amfani da shi wajen tunzura kisa. Mu ma ba mu tsira ba. A Yunin 2018 aka kai hare-hare ƙauyukan Barikin Ladi a Filato aka kashe mutane da yawa. Wannan ya faru da gaske. Amma cikin hotunan da suka cika Facebook a ranakun har da bidiyon wani mutum da aka sassara wa kai, wanda binciken BBC ya nuna daga Kongo Barazabil ya fito, tun 2012. Matasa suka tare hanyoyi, suka riƙa fito da matafiya Musulmi daga mota suna kashewa. Binciken ya ce a lokacin da aka yi shi mutum huɗu ne kacal aka ware su yi aikin tantance labaran ƙarya ga 'yan Najeriya miliyan 24 da ke shafin.

Fiƙihu yana da magana a kan wannan ma. Katangar da ta karkata kan hanya, aka gargaɗi mai ita, yana da halin gyarawa bai gyara ba, in ta faɗa wa mai wucewa shi ne da diyya. Kafin gargaɗi yana iya cewa bai sani ba. Bayan gargaɗi kuwa, zamansa shiru ya zama aiki.

Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa, ƙa'idar malamai ita ce in wanda ya aikata da hannunsa ya haɗu da wanda ya zama sanadi, ga mai hannu ake jingina hukunci. Wanda ya ɗaga adda a hanyar Jos shi ne mai kisa, ba wani injiniya a Kalifoniya ba. Haka ne, kuma ba na neman a sauke masa ko ƙwayar zarra. Sai dai Malikiyya ba su saki mai sanadi haka nan ba. Wanda ya riƙe mutum don a kashe shi, da wanda ya tilasta aka yi kisa, da mai shaidar zur da aka zartar da hukunci a kanta, kowa da rabonsa. Sayyidina Umar ya zartar da ƙisasi a kan mutum biyar ko bakwai da suka taru suka kashe mutum ɗaya a San'a, bai ce a kasa jinin gida bakwai ba. A lahira lissafin ya fi haka faɗi, domin an karantar da mu cewa mai buɗe ƙofar sharri yana tarayya da duk wanda ya bi ta, kuma ba a rage wa masu bin komai. Laifi ba gado ba ne, da in magada sun yi yawa rabon kowa ke ƙanƙancewa. Yaudarar da na'ura ta zo da ita kuwa ita ce ta yayyanka aiki ta raba wa mutum ɗari. Wannan ya rubuta ɗan lissafi, wannan ya tara bayanai, wannan ya sa hannu a kwangila, wannan ya danna maɓalli, kowa ya koma gida ya yi barcinsa yana ganin nasa bai kai a tambaye shi ba.

Akwai kuma rabonmu, mu masu tura labarai a waya. Na sha jin masu ilimin boko suna cewa manhajojin nan sun san mu fiye da yadda muka san kanmu, sun ƙwace mana zaɓi. Tsohuwar Jabariyya ce wannan. Tun ƙarni na 2 na Hijira Jahmu ɗan Safwan ya ce ɗan Adam ba shi da iko a kan aikinsa, malaman Sunna suka ƙi, Mu'utazila ma suka ƙi ta nasu ɓangaren. Imamu Ash'ari ya tsaya a kan cewa Allah ke halittar aiki, bawa kuwa shi ke kasabinsa, a kan kasabin nan ake masa hisabi. In ƙaddarar Ubangiji ba ta zama uzuri ga ɓarawo ba, lissafin wani kamfani ba zai zama uzuri gare ni ba. Umarnin da ke cikin suratul Hujurati na a bincika labari kafin a afka wa mutane bai faɗi ba don labarin ya shigo ta waya.

Masu cewa na'ura ta gama da mu suna ƙara mata girma. A zaɓen Najeriya na 2015 wani attajiri ya ɗauki hayar kamfanin Cambridge Analytica don ya taimaki Goodluck Jonathan, ko da yake ba a nuna shi Jonathan ya sani ba. Suka yaɗa wani bidiyo cike da jini don su tsorata mutane da Buhari. Jonathan ya faɗi zaɓen. A ƙauyen Nghar Yelwa kuwa, cikin rikicin nan na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara sama da 80, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye Kiristoci sama da 200, ya tsaya ya hana mahara shiga. Iskar da ta kaɗa kowa a ranar ta kaɗa shi, bai bi ta ba. Ba na musun cewa abin da ake cusa mana dare da rana yana sa zaɓin kirki ya yi nauyi, kuma masu cusawar za su amsa nasu. Amma zaɓin yana nan.

Maganin da aka fi kawowa shi ne a sa mutum a tsakani, na'ura ta ba da shawara shi ya yanke. Da daɗin ji, sai an duba yadda ake yinsa. A Afrilun 2024 mujallar +972 ta wallafa binciken da ta yi da wasu jami'an leƙen asirin sojan Isra'ila. Suka ce wata manhaja mai suna Lavender ta ware Falasɗinawa har dubu 37 a Gaza a matsayin waɗanda ake zargi mayaƙa ne, kuma an san tana kuskure a kusan ɗaya cikin goma. Ɗayansu ya ce daƙiƙa 20 yake ba kowane suna, iyakar abin da yake tabbatarwa namiji ne, sannan a jefa wa gidan bam, galibi da dare, iyali na ciki. Rundunar ta musanta, ta ce rumbun bayanai ne kawai, mutane ke yanke hukunci. Ko an ɗauki musun nata, tambaya tana nan: wane irin hukunci ke nan? A kotunmu alƙali ba ya yanke shari'ar akuya sai ya ji ɓangare biyu, ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana. Hukuncin da babu i'izari, kotun sama rushe shi take yi. Mutumin da aka ajiye don ya buga hatimi bai rage zaluncin da komai ba, kuma ina ji masa tsoron ranar da za a fara kiran suna, domin nasa ne a kan takarda.

Ba sai an je Gaza ba. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu tana riƙon jikoki marayu, an sa sunanta cikin masu karɓar wani tallafi. Ta karɓa na ɗan lokaci, sai abu ya tsaya. Na raka ta ofishin. Yaron da ke kan tebur mai ladabi ne, ya tashi ya ba ta kujera, ya duba kwamfutarsa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba mu ba ne, sistam ne ya cire ki." Ta ce, "To ɗana, kai ni wurin sistam ɗin in roƙe shi." Ba raha take yi ba. Duk rayuwarta ta san in abu ya gagara wurin mai unguwa ana zuwa wurin dagaci, in ya gagara a je wurin hakimi. Ko yaya dai akwai fuskar da za a durƙusa a gabanta. Yaron bai san dalilin cire ta ba, shugabansa bai sani ba, kuma ban ga alamar akwai wanda aikinsa ne ya sani ba.

Da Shehu Maghili ya zo Kano a ƙarshen ƙarni na 15 ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, abin da ya yi ta nanatawa babi bayan babi shi ne hatsarin mai mulki ya shige bayan labule, talakawansa su kasa kaiwa gare shi. A zamaninsa labulen fadawa ne da ƙofofi. Mu muka yi karin maganar da ke wanke masu mulki, wai ba a mugun sarki sai mugun bafade. Yanzu an samu bafaden da ba ya gajiya, ba ya ritaya, ba a kuma iya kai ƙararsa. Wane gwamna ne, wane manajan banki ne ba zai so shi ba?

Kada a ɗauka ina kiran a koma takarda da biro. Na san abin da takarda da biro suka yi wa talaka: jerin sunayen tallafi da ake cikawa da surukai da 'yan jam'iyya. A Togo, lokacin korona, gwamnati ta ƙaddamar da shirin Novissi a 2020. Da aka zo kan karkara ta haɗa kai da masu bincike na jami'ar Berkeley da ƙungiyar GiveDirectly. Hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna yankunan da suka fi talauci, yadda mutum ke amfani da wayarsa kuma ya nuna wanda ya fi buƙata a cikinsu, kuɗi ya riƙa shiga waya kai tsaye, ba layi, ba ɗan tsakiya. Binciken da suka wallafa a mujallar Nature a 2022 ya nuna hanyar ta rage tsallake mabuƙata idan aka gwada ta da rabon da ake yi bisa yanki kawai. Alheri ne wannan, kuma ladansa na mutanen da suka yi niyyarsa ne, kamar yadda zunubin Holand yake na mutane. Amma tana kuskure, masu binciken ba su ɓoye ba, kuma wanda ba shi da waya, wanda sau da yawa shi ne matalaucin matalauta, ba ta ma san yana duniya ba. Shi ɗin ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Misalin da ya fi burge ni daga gida ya fito. A Mayun 2025, da sakamakon JAMB ya fito ɗalibai suka yi ta kukan cewa makin da aka ba su ba nasu ba ne, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tara 'yan jarida ya ce an samu kuskure a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ɗalibai kusan dubu 380 abin ya shafa. Ya ce alhakin a wuyansa yake, ya zubar da hawaye a bainar jama'a, aka sake musu jarrabawa. Matsalar ba ta ƙirƙirarriyar basira ba ce, gyaran manhaja ne da bai isa wasu na'urori ba. Hawaye kuma ba su mayar wa yaran kwanakin da suka yi cikin baƙin ciki ba, wasu ma sun ce murabus ya kamata ya yi, kuma maganarsu abin dubawa ce. Amma ya tarar da labule a rataye, na masu kula da na'urorin, ya faɗi inda kuskuren ya fito bai fake a bayansa ba. Sammacin da ya zo babu suna, shi ya ɗauki biro ya rubuta nasa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Duk manhajar da za ta yanke wa ɗan Adam hukunci a kan abincinsa, ko makinsa, ko 'yancinsa, ko ransa, a rubuta sunan jami'in da ya lamunce ta, kamar yadda ake rubuta sunan alƙali a ƙasan hukunci, a kuma yi wa wanda abin ya shafa i'izari kafin a zartar. Malamanmu masu tafsiri da wa'azi, waɗanda su ma yanzu manhaja ce ke zaɓar wanda za a fi ji a cikinsu, kuma ta fi son mai raddi da gugar zana, su buɗe babin lamuni su karanta wa jama'a da misalan yau. Su faɗa wa yaranmu masu koyon rubuta manhaja a Kano da Zariya da Yamai cewa albashi ba ya sauke wa mutum nauyin abin da ya gina. A Najeriya doka ma ta ba da kafa. Sashe na 37 na Dokar Kare Bayanai ta 2023 ya ba mutum haƙƙin ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa in zai taɓa rayuwarsa sosai, kuma ko a inda dokar ta halatta irin wannan hukunci, ta ba shi damar neman mutum ya duba, a ji ta bakinsa, ya ƙalubalanta. Mafi yawanmu ba mu san da shi ba. In aka ce maka na'ura ce ta cire ka, kada ka huce a kan yaron da ke kan tebur. Ka nemi a rubuta maka dalili a takarda da sunan jami'in da ya sa hannu, ka riƙe kwafi, ka kai wa lauya ko hukumar kare bayanai.